Kambun Habeeb, Hawayen Hikmat

Hikmat tana ɗan kicin ɗinta tana tuƙa amala, zufa na tsattsafo mata a goshi, sai ta ji ihun mijinta daga falo.

"Hikmat! Hikmat, fito ki gani! Allahu Akbar!"

Ta saki muciya ta fito da sauri, hannunta ɗaya dafe da cikinta da ya fara turo riga. Ta tarar da Sodiq ya kifa goshi a kan kafet yana sujjada, wayarsa yashe a gefe.

"Lafiya, Yaya Sodiq? Ka tsorata ni wallahi!"

Ya ɗago idanunsa sun cika da ƙwalla. "Sun fitar da sunayen 'yan takarar Kambun Zinare. Ina ciki, Hikmat! Rukunin Gwarzon Jarumi!"

Ta zube kusa da shi ta rungume shi, dariya da kuka suka haɗe mata. Ita ta san abin da wannan magana take nufi. Sodiq maraya ne, a nan Sabon Gari aka haife shi, a nan iyayensa suka rasu. Ya yi shekaru yana ɗaukar fitila da wayoyin lantarki a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ana aikensa sayen ruwa, kafin wani darakta ya taimaka ya ba shi fitowar farko. Kambun Zinare kuwa shi ne bikin da duk ɗan fim yake mafarki: sau ɗaya ake yin sa a shekara a Abuja, alƙalai su tace sunaye, jama'a su jefa ƙuri'a ta waya, wanda ya ci ya tafi da kambu da sabuwar mota, kamfanoni kuma su yi ta rububin sa shi a talla.

Sodiq ya ɗauki wayar ya ci gaba da karantawa, sai ya sake zabura. "Kai! Duba nan—Habeeb Yekini! Shi ma yana ciki, rukuninmu ɗaya!"

"Boda Habeeb?" Hikmat ta dafe ƙirji. Habeeb yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa take ce masa Boda, kuma Sodiq ne ya riƙo hannunsa ya shigo da shi harkar fim. Ta sanadin wannan abota ma ta san mijin nata.

"To ai shi ke nan," in ji Sodiq yana dariya. "Ko ni ko shi, kambun dai gida zai zo. Gobe ki je gidanku a Fagge ki yi wa mahaifiyarku Alhaja murna, ni ma in na tashi daga aiki zan biyo ki."

Washegari da hantsi ta shirya. Maƙwabciyarta Munachi, ma'aikaciyar jinya wadda ƙofar ɗakinta ke kallon tasu, ta ce ta jira ta su fita tare, za ta Kantin Kwari sayen atamfa. Suka tari adaidaita sahu ɗaya. Sun hau Titin Ibrahim Taiwo ke nan wani mai mota ya yanko gabansu, direban ya taka birki da ƙarfi, fuskar Hikmat ta bugi ƙarfen da ke gabanta. Kafin a ce me, gefen idonta ya haye ya yi baƙi, leɓenta ya fashe.

"Cikin fa? Kin ji wani abu a cikin?" Munachi ta tambaya a ruɗe tana shafa mata.

"Lafiya lau, yana motsi. Fuskar ce kawai."

Munachi ta ja ta kemis ta wanke mata ciwon, ta auna jininta, ta ɗan ɓata rai. "Ya ɗan hau fa, ƙawata. Ki kula, banda tunani." Sai da ta raka ta har ƙofar gidansu a Fagge sannan ta wuce kasuwa.

Mahaifin Hikmat, Alhaji Yekini, tsohon ɗan kasuwar Kwari, ba ya gari. Ya tafi garinsu Offa jinyar yayansa da ke kwance. Mahaifiyarta Alhaja Mulikat ta samu a falo, Habeeb na zaune a gefenta yana latsa waya. Da suka ga fuskarta suka yi salati, ta ba su labarin abin da ya faru. Habeeb ya matso ya ce, "Tsaya in ɗauki hoto, sai na kai ƙarar direban nan wajen ƙungiyarsu." Ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe.

"Boda, ina taya ka murna! Wallahi jiya ni da Yaya Sodiq ko abinci ba mu iya ci ba don daɗi."

Habeeb ya ci gaba da latsa wayarsa. Alhaja ce ta gyara ɗaurin gwaggwaronta ta ce, "Gara da kika zo, dama ina nemanki. Ki gaya wa mijinki ya janye."

Hikmat ta yi zaton ba ta ji daidai ba. "Ya janye me, Alhaja?"

"Sunansa mana! Kowa ya san ƙuri'ar mutanenmu na Fagge da Sabon Gari ce za ta rabu biyu. Habeeb shi kaɗai ne ɗana namiji. Shekara nawa ƙawayena suna min dariya wai ɗana ya bar shagon ubansa yana bin 'yan wasa? Yanzu Allah ya kawo ranar da zan ɗaga kaina, sai mijinki ya tare masa hanya?"

"Alhaja, ai ba shi ya sa sunansa ba. Kuma shi ne fa ya koya wa Boda…"

"Kin ji ko!" Habeeb ya katse ta. "Kullum sai an min gori. Shi ya koya min, shi ya koya min! Sai yaushe zan fita daga inuwarsa?"

Da yamma Sodiq ya zo, hankalinsa ya tashi da ganin fuskar matarsa. Ya durƙusa ya gai da surukarsa, ita kuwa ko amsawar kirki ba ta yi ba ta maimaita masa buƙatarta. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Alhaja, ki yi haƙuri. Fim ɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai; akwai darakta da ma'aikata da suka sha wahala a kai, in na janye na ci amanarsu. Amma na yi miki alkawari ba zan roƙi ƙuri'ar kowa ba. Ko fosta ɗaya ba zan buga ba. In Allah ya ba Habeeb, ni zan fara rungume shi."

"Haka ka ce?"

"Ki gafarce ni, Alhaja."

"To madalla. Ka tashi ka tafi. 'Yata za ta zauna nan sai ta warke."

Hikmat ta bi shi da ido har ya fita. Bai yi gardama ba. A bakin ƙofa ya juyo ya yi mata alama da hannu cewa ta kwantar da hankalinta. Kafin ta kwanta Alhaja ta karɓe wayarta, wai mai hawan jini ba ta kallon waya.

Kwanaki suka shige. Kullum Sodiq zai zo da lemo da kankana, a karɓa a bakin ƙofa a ce masa tana barci. Ita kuma a ce mata bai zo ba, yana can yana neman ƙuri'a. Ba ta yarda ba, don 'ya'yan itacen da ake yanka mata irin wanda ya san tana so ne, amma ba ta da bakin magana.

Ranar da Munachi ta zo duba ta, Alhaja ta fita unguwa. Tana shigowa ɗakin ta rufe ƙofa, fuskarta babu walwala.

"Hikmat, ke kika ba su izini?"

"Izinin me?"

Munachi ta miƙa mata waya. Hikmat ta ga fuskarta, kumburarren ido da fasasshen leɓe, an baza a wani shafin gulmar 'yan fim. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Jarumi Sodiq ya lakaɗa wa matarsa mai ciki duka, ta gudu gidan iyayenta. Dubban mutane sun yi sharhi. Wasu na tsine masa, wasu na cewa a kama shi, wasu na kiran masu shirya Kambun Zinare su cire sunansa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Wayar ta suɓuce daga hannunta. "Hoton da Boda ya ɗauka ne! Munachi, mutumin da ko tsawa bai taɓa min ba!"

"Ai ina wurin aka yi, ni na wanke ciwon. Na ce wa mijinki bari in yi bidiyo in faɗi gaskiya, ya hana ni. Ga shi, kira shi ki ji."

Ta karɓa ta danna lambar. Da jin muryarsa ta fashe da kuka. "Yaya Sodiq, ka yafe min! Yanzun nan zan yi magana, duniya ta ji!"

"Hikmat, saurare ni," ya ce a hankali. Muryarsa ta dushe kamar wanda ya kwana biyu bai yi barci ba. "In kika yi magana, me za ki ce? Yayanki maƙaryaci ne, mahaifiyarki ta ɓoye ki? Gobe mutanen da ke zagina su koma zagin Alhaja. Ni na san zafin rashin uwa, ba zan zama sanadin raba ki da taki ba."

"To ka kira Baba!"

"Yana can yana jinyar ɗan uwansa rai a hannun Allah, in kira shi in kai ƙarar matarsa? Bari ya dawo, a zauna a cikin gida a gyara. Ke dai ki kula min da kanki da abin da ke cikinki. Kambu ai ƙarfe ne."

Ba ta iya haƙura ba. Da Alhaja da Habeeb suka dawo ta tare su a falo, ta zube a gaban uwarta.

"Alhaja, kin san da wannan? Boda, me ya yi maka? Ranar da aka kore ka daga lokeshan wa ya je ya ba da haƙuri? Wa ya ba ka rigar da ka fara fita da ita a fim?"

Habeeb ya kau da kai. "Ni ban rubuta komai ba. Hoto na tura wa wani, shi ya san abin da ya rubuta."

"To ka fito ka ƙaryata!"

"Bayan biki," in ji Alhaja. "In an gama sai a ce kuskure ne, kowa ya manta. Me zai ragu a jikinsa?"

"Mutuncinsa, Alhaja! Wallahi ni zan faɗa, ko a bakin titi ne…"

Alhaja ta miƙe tsaye, ta kama ƙirjinta da hannu biyu. "Hikmat! In kika buɗe baki kika tona wa ɗana asiri, ban yafe miki nonon da kika sha ba! Ki je ki faɗa, ga ƙofa nan!"

Hikmat ta ja jiki ta koma ɗaki ta kifa kai a kan katifa. Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, abinci ma sai an matsa mata take taɓawa.

A waje kuwa abin sai gaba yake. Masu shirya bikin suka sanar da cewa sun cire sunan Sodiq har sai an gama bincike, kuma kowa ya san ba za a gama kafin ranar ba. Furodusoshi biyu da suka ba shi aiki suka karɓe. Wata mata ta tofa masa yawu a kasuwar Sabon Gari. A masallacin unguwa, wani dattijo da ya saba ba shi hannu ya janye nasa. Duk wannan Munachi ce take kawo wa Hikmat a gutsure, wani ma ba ta faɗa sai Hikmat ta karanta a fuskarta.

Ranar biki ta zo. Tun da safe Habeeb ya hau jirgi zuwa Abuja. Alhaja ta fitar da anko, ta sa aka dafa shinkafa da kaji, ƙawayenta da matan maƙwabta suka cika falo aka kunna talabijin. Hikmat na kwance a ɗaki, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, kanta na sarawa kamar ana buga guduma, idonta na ganin wasu ƙananan taurari.

Ta lallaɓa ta leƙo. "Alhaja… kaina. Ba na gani sosai. A kai ni asibiti."

"Yanzu? Ga shi an kusa zuwa rukuninsu! Sha fanadol ki kwanta, ana kiran sunan za mu tafi."

Ta koma ta jingina da bango. Tana jin mai gabatarwa yana jero sunayen 'yan takara ɗaya bayan ɗaya, babu na mijinta. Sai muryar ta ɗaga: "Gwarzon Jarumi na bana… Habeeb Yekini!"

Gidan ya kaure da ihu, wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, Alhaja ta miƙe tana rawa tana kuka. Babu wanda ya ji faɗuwar Hikmat. Sai da wata baƙuwa ta shiga ɗakin neman mayafinta ta same ta a ƙasa tana jijjiga, kumfa a bakinta, jini ya jiƙe zaninta.

"Alhaja! Alhaja Mulikat! 'Yarki!"

Aka kwashe ta zuwa asibitin da Munachi ke aiki a Sabon Gari. Munachi ce ta kira Sodiq, ya iso a guje ko takalmi babu a ƙafarsa ɗaya. Likitoci suka shiga da ita tiyata. Aka nemi jini, ya miƙa hannu aka ɗiba. Alhaja na zaune a benci da ankonta, gwaggwaro ya zame, ta kasa haɗa ido da shi. Da likita ya fito ya ce, "Uwar ta tsira, amma sai haƙuri, yaron bai zo da rai ba. Namiji ne. Da an kawo ta da wuri…" bai ƙarasa ba.

Sodiq ya dafa bango ya sulale ƙasa. Bai yi ihu ba. Leɓensa kawai ke motsi, hawaye na bin gemunsa.

Da safe ya karɓi ɗansa a naɗe cikin farin ƙyalle, shi da limamin unguwa da mutum biyu suka kai shi makwancinsa. A hanyar dawowa ya kira Alhaji Yekini ya gaya masa rasuwar kawai. Tsohon ya kamo hanya a ranar.

Hikmat ba ta farfaɗo sosai ba sai washegari. Ta buɗe ido ta ga mijinta a gefen gado, ya rame kamar ba shi ba. Ta kai hannu cikinta, ta ji wayam. Ta dube shi, ya girgiza kai a hankali, ya riƙe hannunta da nasa biyu.

"Ko ganinsa ban yi ba," ta ce da wata siririyar murya. "Da wa ya yi kama?"

"Da ke. Har ɗan hancin." "Laifina ne, Hikmat. Na ce ki yi shiru, na ce a jira. Da na kira Baba tun farko…"

"Kar ka ce haka. Kai ka rufa mana asiri, mu muka tona wa kanmu."

Suna cikin haka Alhaji Yekini ya shigo da ƙurar tafiya a jikinsa, Alhaja na biye da shi sumui-sumui. Bai gama yi wa 'yarsa sannu ba sai ga Habeeb, daga filin jirgi kai tsaye, da babbar rigarsa ta biki, kambun a hannunsa don ko gida bai biya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

Alhaji ya dubi Sodiq, fuskarsa a murtuke. "A tasha wani yaron shagona ya nuna min hoto. Sodiq, ni na ba ka 'yata da hannuna. Kai ka yi mata wannan?"

Sodiq ya sunkuyar da kai. Hikmat ta buɗe baki, ta dubi uwarta, ta rufe. Munachi da ke gyara ƙarin ruwa ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, ka yi haƙuri, ni ba 'yar gidanku ba ce, amma ni babu wanda ya yi min rantsuwa da nono. Ina cikin adaidaitar lokacin da fuskarta ta bugi ƙarfe a Titin Ibrahim Taiwo. Ni na wanke ciwon, ni na kai ta gidanka. Wannan bawan Allah bai taɓa ta ba. Ka tambayi ɗanka wa ya ɗauki hoton, ka tambayi Alhaja me ya sa aka karɓe mata waya, kuma me ya sa ta ce a kai ta asibiti aka ce ta jira a kira suna."

Alhaji ya juya a hankali ya dubi matarsa. "Mulikat?"

Alhaja ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Wallahi ban san zai kai haka ba! Cewa na yi bayan biki a gyara… Jikana! Ni na kashe jikana!"

"Boda," Hikmat ta kira a hankali. Kowa ya juyo. "Matso. Kawo in riƙe."

Habeeb ya tako kamar mai tafiya a cikin ruwa, ya miƙa mata kambun. Ta karɓa da ƙyar, ta ɗora shi a ƙirjinta, ta rungume shi da hannu biyu yadda ake rungumar jariri.

"Tunda shi aka ba ni a madadin ɗana, bari in ji ɗuminsa." Hawaye na gangara cikin kunnuwanta. "Sanyi gare shi, Boda. Karɓi abinka."

Habeeb ya fasa wani irin kuka, ya durƙushe ya kama ƙafar Sodiq. Alhaji Yekini ya share idonsa da bakin hularsa, sannan ya ce, "Tashi. Ba a nan za ka yi kukan ba. A inda ka ɓata shi, a nan za ka wanke shi. Yau ɗin nan, da bakinka, da fuskarka. Ke kuma Mulikat, ki haɗa kayanki ki tafi Offa, sai na neme ki."

Sai Sodiq ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban surukinsa. "Baba, na roƙe ka. Hikmat ta rasa ɗa, kar ta tashi daga gadon nan ta tarar ta rasa uwa. Wa zai yi mata wankan jego? Ni ba ni da kowa da zan kawo."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Kai aka zalunta, kai kake roƙo?" Ya girgiza kai. "Na haifi ɗa, Allah kuma ya ba ni ɗa. Yau na san bambancinsu."

A yammacin ranar Habeeb ya yi bidiyo ya faɗi komai, bai rage ba, sai dai bai ambaci sunan mahaifiyarsa ba, don Sodiq ya roƙe shi kar ya yi. Ya mayar da kambun da makullin motar. Masu bikin suka ba wanda ya zo na biyu, suka fito suka ba Sodiq haƙuri a bainar jama'a. Waɗanda suka zage shi suka dawo suna yabo, har da masu cewa dama su tun farko ba su yarda ba. Bai amsa wa kowa ba. Habeeb kuwa babu furodusan da ya ƙara kiransa. Ya koma shagon ubansa a Kwari yana auna yadi, in an gane shi ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya janye maganar tafiya Offa, Alhaja Mulikat ce ta yi jinyar 'yarta. Ta dafa ruwa, ta dama kunu, ta wanke zannuwa da hannunta. Hikmat tana karɓa, tana cewa an gode, amma an daɗe kafin ta iya kallon uwarta cikin ido. Wata rana da hantsi Alhaja na taje mata kai, sai ta ji ɗigon ruwa mai ɗumi a wuyanta.

"Hikmat, maganar nonon nan da na yi… na janye ta. Ni ce nake neman yafiyarki. In ba ki yafe ba, ban san da wace fuska zan tsaya gaban Allah ba."

Alhaja har ta fid da rai. Can Hikmat ta juyo ta kwantar da kanta a cinyar uwarta, suka yi kukan da ba su yi tare ba tun ranar asibiti.

Ba a dawo da abin da ya tafi ba. Duk sanda Hikmat ta ga yaron da zai yi sa'an nata, sai ta kau da kai ta yi addu'a. Amma bayan shekara biyu Allah ya ba su 'ya mace lafiyayya, aka sa mata Fareedah. A shekarar ne kuma sunan Sodiq ya sake fitowa, a wani fim da ya fito a matsayin uban da ya rasa ɗansa. Waɗanda suka kalla sun ce ba wasa yake ba, kuka yake na gaske. Wannan karon Hikmat na zaune a cikin zauren a Abuja, mahaifinta a gefenta. Da aka kira sunan mijinta mutane suka miƙe tsaye gaba ɗaya, aka daɗe ana tafi. Sodiq ya hau ya karɓa, ya tsaya gaban makirufo. Da ƙyar ya ce, "Na gode wa Allah. Na gode wa matata, ita ta biya abin da ya fi wannan tsada." Ya sauko.

A Fagge, Alhaja Mulikat na zaune ita kaɗai gaban talabijin, babu anko, babu taro, Fareedah na barci a bayanta. Habeeb ya shigo daga kasuwa ya tsaya a bayan kujera yana kallo. Shi ya fara ɗaga waya ya kira.

"Yaya Sodiq," ya ce, "ina taya ka murna. Wallahi har zuciyata."

"Na sani, ƙanena. Allah ya kawo naka ta hanyar da za ka yi alfahari da shi."

Haka Allah ya saka wa Sodiq da Hikmat bisa haƙurinsu: ya wanke su a idon duniya, ya ba su zuriya, ya kawo musu ɗaukakar da aka so a ƙwace, a lokacin da ya ga dama. Sai dai ya kamata iyaye su ji tsoron Allah a kan 'ya'yansu. Uwar da ta fifita ɗa ɗaya har ta taka ɗaya, a ƙarshe duka biyun take yi wa rauni, ta haɗa da kanta. Matasa kuma masu neman suna, ku sani duk ɗaukakar da aka gina a kan ƙazafi ba ta kwana a hannun mai ita, kuma ana iya mayar da kambu, ana iya goge rubutu a waya, amma ran da ya salwanta a dalilinka ba ya dawowa. Allah ya raba mu da hassada da son zuciya, ya sa mu iya taya ɗan'uwa murna ko da abin da muke nema ne ya samu.